Daga tanti zuwa Jamrat a ƙafa, ni da Kawu

Ni magini ne, shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a a cikin garin Katsina, daga miƙa bulo har Allah ya sa na fara samun 'yan ƙananan ayyuka na kwalbati da magudanar ruwa, to shi ya sa duk inda na je idona a ƙasa yake, ina duba yadda aka zuba kankare, ina ruwa zai bi in an yi sama, ina mutum zai taka. Da wannan idon na tafi aikin Hajji a 2024, kuma ba ni kaɗai ba, tare da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara saba'in kuma gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Ranar da za mu bar gida a Kofar Sauri Inna ta riƙe hannuna a zaure ta ce "ga amanar ƙanena nan, ka kai shi ka maido mani shi", wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mun tashi daga filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'adua, 'yan rakiya sun cika ko'ina, masu kuka na yi masu addu'a na yi. Kafin nan mun yi makonni muna zuwa bita, malamai sun koya mana yadda ake ɗaura harami da yadda ake ɗawafi da abin da ke ɓata aiki, Allah ya saka masu da alheri, amma maganar yawan tafiyar ƙafa a bakin Kawu na fara jinta, shi da ya taɓa zuwa a 2004. A cikin jirgi ya ce mani "kai ɗan nan, aikin Hajji hwa aikin ƙafa ne, kuɗinka zai kai ka Makka amma ƙafarka ce za ta kai ka Jamrat", wato wurin jifan Shaiɗan a Mina.

Madina dai sai hamdala, kwanakinmu a can cikin natsuwa muka yi su. A Makka ne na fara buɗe baki. Da rana tsaka, rana na dukan kai kamar ta fasa, amma farin dutsen da aka shimfiɗa a filin ɗawafi in ka taka ba takalmi ba ya ƙona ƙafa, na durƙusa na shafa da hannuna don in tabbatar, daga baya na ji ashe daga ƙasar Girka ake kawo irin wannan marmara. Safa da Marwa kuma, sahu bakwai wajen kilomita uku ke nan, an raba hanyar masu zuwa daban ta masu dawowa daban, a tsakiya an ware wa masu keken guragu tasu, ga shi hawa-hawa ne in ƙasa ta cika sai askarawa su tare su tura ku sama. Kawu ya yi sa'ayinsa da ƙafarsa, a hankali a hankali, muna tsayawa yana shan zamzam, na ce a raina to in haka ne ai da sauƙi. Ban san ba a fara ba.

Ranar takwas ga Zulhajji aka kwashe mu zuwa Mina. Tantuna ne farare iya ganinka, kwari guda tsakanin duwatsu ya cika taf, kuma ba irin tantin biki da muka sani ba ne, yadin na musamman ne wanda wuta ba ta ci, an koma shi ne bayan gobarar 1997 da ta cinye mutum sama da 300. Wannan abu na lura da shi a duk tafiyar, kusan duk wani gyara da ka gani a wurin nan in ka bi baya sai ka tarar akwai ranar da aka yi kuka kafin a yi shi.

Arfa ta kama Asabar, 15 ga Yuni. Zafi kam ba a magana, mu da muka saba da ranar Katsina ta watan Afrilu sai da muka raina kanmu. An kakkafa dogayen ƙarafuna a gefen hanya suna fesa ruwa kamar raɓa, mutane na tsayawa ƙarƙashinsu su ɗaga fuska, wasu hanyoyin kuma an shafe kwaltar da wani farin abu don kada ta riƙe zafi. Ban kai Kawu Dutsen Rahama ba, malaminmu ya ce duk Arfa wurin tsayuwa ne, muka zauna a tanti muka yi ta addu'a har rana ta faɗi. Shi malamin ne ya ba mu labarin Zubaida matar Haruna Rashid, wadda fiye da shekara dubu da suka wuce ta kashe dukiyarta ta jawo ruwa har Arfa, ta sa aka haƙa rijiyoyi da tafkuna a hanyar mahajjata tun daga Kufa ta Iraƙi, har yau akwai sauran ginin magudanar a jikin duwatsu. Ni da nake aikin magudana abin ya tsaya mani a rai sosai, mace ɗaya, ba injin ba siminti.

Da magariba aka nufi Muzdalifa. Motarmu ta daɗe a cunkoso, ta taga ina kallon masu tafiya a ƙasa sun cika hanyarsu da aka ware masu, kamar kogi, da yawa ma sun riga mu isa. Can sama kuma jirgin ƙasa na wucewa da fitilunsa, wanda aka buɗe a 2010, kilomita 18 ne da tasha tara, uku a Arfa uku a Muzdalifa uku a Mina, amma ba kowane ayari ke shigarsa ba, mu dai mota aka ba mu. Muka haɗa magariba da isha'i, na shimfiɗa wa Kawu tabarmar roba, na cika robar ruwa da tsakuwa tamu mu biyu.

A nan ne, muna kwance a fili ba rufi, Kawu ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a gida ba. Ya ce a 2004 gadar jifa hawa biyu ce kawai, ƙasa da sama, abin da ake jifa kuma ginshiƙi ne siriri, kowa so yake ya matsa kusa don tsakuwarsa ta samu, wanda ya gama jifa ta inda ya shigo ta nan zai juyo, sai ƙirji ya haɗu da ƙirji. Ya ce ranar Sallah da safe ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa, jama'a ce ke tafiya da shi ba shi ke tafiya ba, takalmansa suka tafi, mayafin haraminsa ya tafi, yana jin yana taka abu mai laushi bai iya duba ko mene ne ba. "Ɗan nan, har yau ban san mi na taka ba, kuma ban son in sani." Mutum 251 suka rasu a ranar. Ya yi shiru ni ma na yi shiru, sai can ya ce gobe dai da ƙafarsa zai je, kada ma in kawo mashi maganar wakilci.

Bayan asuba muka koma tanti muka ajiye kaya, jagoranmu ya nanata cewa kowa ya rataya katinsa na Nusuk, wato katin shaidar izinin aikin Hajji, a wuya, ya ɗau lema da ruwa, kada wanda ya ɗauki babbar jaka, kuma lokacin da aka ba ayarinmu shi za mu bi, don kowace ƙasa da kowane sansani da lokacinsa. Tantunanmu suna can nesa da Jamrat, muka kama hanya muna talbiyya, tuta a gaba, ni ina riƙe da gwiwar hannun Kawu.

Hanyar ta bi da mu ta cikin dutse, rami ne aka fasa dogo mai faɗi, ga fitilu ga manyan fankoki a sama suna ruri, kuma duk wanda ke ciki gaba ɗaya ya nufa, masu dawowa nasu ramin daban. Talbiyya a cikin ramin nan, Allahu Akbar, muryar dubban mutane na dukan bango tana dawowa, tsigar jikina ta tashi. Amma ban ɓoye maku ba gabana ya faɗi, saboda na san a irin wannan rami ne na Mu'aisim a 1990 mutum 1,426 suka rasu a rana ɗaya, lokacin da masu shiga da masu fita suka cushe a ciki ga zafi ga rashin iska. Na ƙara riƙe Kawu, shi kuwa ko a jikinsa, bakinsa na motsi kawai.

Mun fi awa muna tafiya kafin ginin Jamrat ya bayyana. Ana ce mata gada amma ni a idona wani gari ne aka ɗora kan wani, tsawonta mita 950, faɗi mita 80, hawa biyar, tsakanin kowane hawa da na samansa mita 12, can ƙoli kuma manyan rumfuna farare. An rushe tsohuwar ne bayan abin da ya faru a Janairun 2006, lokacin da mutane suka yi tuntuɓe da jakunkuna a bakin shiga aka rasa sama da 340, aka gina wannan a kan kuɗi sama da riyal biliyan huɗu, kuma an tsara ta ta ɗauki mutum 300,000 a awa ɗaya. Nan na gane dalilin hana jaka, a gabana askar ya tare wani bawan Allah da ya ɗauko ƙullin kaya a ka, ya yi ta roƙo amma ina, sai da ya ajiye.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai gini shi ne ba kai ke zaɓar hawan da za ka ba, hanyar da ka biyo tun daga tantinku ita za ta kai ka hawanka, waɗanda suka fito ta wani ɓangaren na Mina nasu hawan daban, masu zuwa daga wajen Makka nasu daban, ƙofar shiga 12 ta fita 12, to taron tun daga nesa an riga an yanka shi gida-gida kafin ya iso. Gangaren da muka hau kuma an kwantar da shi sosai, ba mataki ko ɗaya, a hankali yake ɗagawa har ba ka ji kana hawa, na san wanda ya zana shi ya yi tunanin tsoho da mai keke da mace mai rauni, don da matakala ce gwiwar Kawu ba za ta kai ba. Wasu ɓangarorin akwai matakala mai tafiya da kanta da lifta. Askarawa sun jeru suna "yalla ya hajji, yalla", ba tsayawa ba zama ba juyowa, wasunsu yara ne matasa riƙe da robar feshi suna watsa wa mutane ruwa a fuska, ɗaya ya ga Kawu yana ɗingishi ya zo ya fesa mashi a kai ya sumbaci goshinsa.

Da muka shiga ciki sai iska mai sanyi ta buge mu. Ranar farko Jamratul Aƙaba, ta ƙarshe cikin ukun, kaɗai ake jifa, tsakuwa bakwai, muka wuce ta farko da ta tsakiya. Kawu na ta waige yana neman ginshiƙin da ya sani, na nuna mashi na ce Kawu ga ta nan. Bango ne dogo, mita 26, an yi shi da siffar ƙwai yadda jama'a za su zagaye shi su wuce kamar ruwa ya samu dutse a rafi, kewaye da shi kuma kwarami ne mai faɗi wanda tsakuwa ke gangarawa ta faɗa can ƙarƙashin ginin inda injina ke kwashewa. Mutane na cunkushewa a farkon bangon saboda ɗoki, sai na ja Kawu muka ƙara gaba zuwa ƙarshensa, wurin kusan ba kowa, har ya dafa bakin kwaramin da hannun hagu. Ya jefa bakwai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya yana kabbara, muryarsa na rawa. Da ya gama ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce "shi ke nan? An gama?" Na ce an gama Kawu. Sai ya fashe da kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba, askar na ta yalla yalla muka wuce muna share hawaye.

Komawa ce ta ba mu wuya. Tunda ba a juyowa ta inda aka shigo, hanyar fita sai ta zagaya da kai nesa, ga rana ta ɗaga, ga gajiyar Arfa da kwanan Muzdalifa. Kawu ya fara cewa ga tantunanmu can ina hangowa mi ya sa ba za mu yanke ba, na ce Kawu yankewar nan ita ce ta 2004, ya yi shiru ya ci gaba da jan ƙafa. Amma gaskiya a wannan hanyar na ga abin da ya tayar mani da hankali, akwai wurare masu tsawo da ba inuwa ko ta sisin kwabo, ba wurin da tsoho zai ɗan zauna, mutane zube a gefen hanya wasu ana yi masu fifita wasu an lulluɓe su da haraminsu, motar asibiti na ta jiniya ta rasa ta inda za ta kutsa. Sau uku ina zaunar da Kawu a gindin katanga in tsaya a kansa da lema in jiƙa mayafinsa da ruwa. Washegari Litinin aka ce zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami na Makka, kuma bayan an gama aiki hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shigo ba izini ne, ba su da tanti ba su da mota, a ƙafa suka yi komai cikin rana. Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu.

Ni a nawa ganin, gadar kanta an gama da ita, aiki ne wanda duk mai gini zai cire hula ya gaida wanda ya yi, saura hanyoyin da ke kai mutum gare ta. Ko abin da ya faru a 24 ga Satumba 2015 ai ba a kan gadar ya faru ba, a mahaɗar titi mai lamba 204 da 223 ne cikin Mina, ayari biyu suka haɗu a wuri ɗaya, Saudiyya ta ce mutum 769, lissafin da aka tattara daga ƙasashe ya haura 2,000, kuma 'yan Najeriya da yawa na ciki, har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Mutum ba a bakin jamra kaɗai yake buƙatar a yi tunaninsa ba, tun daga ƙofar tanti ne har ya dawo, kuma yanzu da Hajji ke faɗowa cikin zafi rumfa a kan hanya ta zama kamar ruwan sha. Na ga sun fara, akwai inda aka rufe akwai inda aka dasa itatuwa, ina fata su kai ƙarshe.

Rana ta biyu Kawu bai iya tashi ba, gwiwar ta kumbura, da kansa ya miƙo mani tsakuwarsa ya ce in jefa mashi. An hana fita jifa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma saboda rana, sai bayan la'asar na tafi, na yi nawa 21 na yi nasa 21. Rana ta uku ya matsa sai ya je, muka samu keke na tura shi har gaban jamra ta ƙarshe, a kan wannan gangaren dai, ban ɗaga keken ko sau ɗaya ba.

Tunda na dawo idona ya canza a kan garinmu. Ranar hawan Sallah na tsaya wajen Kofar Soro ina kallon yadda dawaki da 'yan kallo da masu babur da yara ke cakuɗe a hanya ɗaya, masu shiga da masu fita duk ta wuri guda, gabana ya yi ta faɗuwa. Haka ranar 15 ga Yulin 2025 da na je Daura jana'izar marigayi Muhammadu Buhari, jama'a ta ko'ina, kowa na son ya matsa gaba, wani dattijo kusa da ni sai da muka yi mashi katanga da jikinmu. An yi mana gadar ƙasa a Kofar Kaura da Kofar Kwaya, mun ji daɗi mota na wucewa salin alin, amma har yanzu mai tafiya a ƙasa a yawancin titunanmu gefen kwalta yake raɓawa yana kauce wa Keke Napep, in an samu ɗan dandamalin tafiya kuma mai shago ya baza kaya a kai. Ba kuɗin Saudiyya gare mu ba na sani, amma raba ƙofar shiga da ta fita a filin Idi ko masallacin Juma'a ai igiya da 'yan agaji ma sun isa a fara.

Bayan damina kwamitin masallacin unguwarmu suka kira ni gyaran katanga da ƙofa, ƙofa ɗaya ce tal da matakala uku masu tsayi, ranar Juma'a in an sallame nan ake cushewa ana neman takalma. Na ce masu a bar ni in fasa ta biyu ta gefen arewa, matakalar kuma in mayar da ita gangare, ɗaya daga cikin dattawan ya ce kuɗin da aka tara ba zai kai ba, na ce su sayi siminti da yashi da rodi kawai, aikin hannu na ɗauka. Kwana shida muka yi da yarana biyu, na ja gangaren ya yi tsawo don ya kwanta sosai, na karce fuskar kankaren da tsintsiya tun yana ɗanye saboda santsi, na kafa ƙarfen dafawa a gefe ɗaya. Juma'ar da aka fara amfani da shi na je na ɗauko Kawu a babur, da muka sauka na miƙa hannu zan riƙe shi ya ce in bari, ya dafa ƙarfen ya hau da sandarsa har cikin sahu na biyu.